Watandar Intanet da Rijiyar Baban Alkawari

Jama'a, jiya na sha kunya a Agiye, kuma ƙafafuna ne suka jawo mini ita.

Tunda aka ce mulki zai koma hannun farar hula, manya suka tuna hanyar ƙauyenmu. Mai Girma Baban Alkawari, Allah ya ƙara wa motarsa tsawo, zai dawo neman ƙuri'a ran Juma'a. Shi ne ya rantse a zaɓen baya zai haƙa mana rijiya, ga shi har yau daga Cadawa muke ɗebo ruwa. Da aka ce bidiyon rantsuwar yana intanet, sai na goya Batulu, shugabar mata, a moto zuwa garin Agiye, don mu samo shi mu kunna masa gaban jama'a.

Abdurrahaman mai shagon intanet ya ba kowannenmu na'ura, ya soka katin ajiya na salularmu a ciki. Ya ce, "Abin ga babba ne, ba wuri guda yake ba. An yayyanka shi kamar naman watanda, kowa na riƙe da kashi. Na'urarka na tsintowa daga hannun mutane, tana miƙa ma wasu abin da ta samu. Wanda nashi ya cika, shi dakata har na baya su samu."

Nan fa na miƙe na zuba huɗuba. Na ce wannan ita ce dimokuraɗiyya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba irin ta manyanmu masu ƙoshi su kashe waya ba. Har tafi aka yi mini.

Nawa ya cika. Na Batulu saura ƙiris, kuma daga wajena yake sha, don sauran masu bidiyon duk sun kashe na'urorinsu. Ga shi ana wahalar man fetur, motona kuma ya kusa ƙafewa, sai wani ya leƙo: "An kawo mai!" Wallahi ban san sa'ad da na fizge katina na ruga ba.

Layi ya cinye yinina, man ya ƙare ina kallon famfo. Na turo moto zuwa shago, aka duba katin, fizgar ta lalata shi. Bidiyon Batulu kuwa, da ya kai inda Mai Girma ya ɗaga hannu zai rantse, sai ya ƙame.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam Muttaka, kai ma hito takara mana. Ka iya jawabi, ka iya ƙoshi ka tashi. Babbar riga kaɗai ta rage maka."

Hukuncinta: ni zan riƙa ɗebo wa gidanta ruwa har ran da aka haƙa rijiyar. To, masu cewa Mai Girma bai tsinana komai ba su ji tsoron Allah. Ko ba komai, ya sama wa mutum ɗaya aikin da babu ritaya.