Ranar da Na Yi wa Hajiya Fanta Ta'aziyyar Kanta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je neman aikin koyar da ɗaukar hoto a wata cibiyar sana'ar mata a Haɗeja ba. Na dawo daga Kano da takardar shaida sabuwa fil, kaina ya yi girma, kuma aikin nan nake so ruwa a jallo, don na gaji da zaman gida.

Mutum uku ne masu tantancewa: maza biyu da wata tsohuwa mai tabarau da ke ta jan carbi. (Na ɗauka an kawo ta ne don albarka.) Suka miƙo min wani tsohon hoto fari da baƙi, suka ce in yi bayaninsa. A cewarsu, Hajiya Fanta Mai Kifi ce a zamanin ƙuruciyarta, matar da bandarta ta yi suna daga Kirikasamma har Kudu. Tun ina ƙarama nake jin sunanta, ban taɓa ganinta ba.

Na gyara mayafi na fara zuba. Na ce karkatar da ta yi gefe guda alama ce ta nauyin da mata ke ɗauka. Idon da ta ƙanƙance kuwa hangen nesa ne. Hannun da ta ɓoye a zane kunya ce da kamun kai. Ganin kowa ya yi shiru sai na ƙara wuta, na sassauta murya na ce, "Kamar ma marigayiyar ta san ba za ta daɗe ba. Allah Ya jiƙanta."

Ba wanda ya ce amin.

Tsohuwar ta ajiye carbi. "'Yar nan, yaushe na rasu ba a gaya min ba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ta karɓi hoton a nutse. "A cikin kwalekwale nake tsaye, in ban karkata ba ai sai ruwa. Idon kuma hayaƙin banda ne ya cinye shi. Hannun nan ƙaya ta tarwaɗa ce ta soke ni, na naɗe shi da tsumma. Ke 'yar gidan waye a garin nan?"

Na faɗi sunan babana da ƙyar. Ashe ta san har kakata.

Aikin dai wata ce ta samu, kuma ban ga laifinsu ba. Kwana biyu bayan nan aka kawo wa Innata kifi banda cikin kwali, da saƙo cewa marigayiya tana gaishe ni. Mun ci, ya yi daɗi, amma ni da kunya na haɗiye nawa.

Har yau ina yi wa hotuna fassara. Sai dai kafin in buɗe baki nakan tambaya ko mai hoton tana da rai, sannan in duba ko tana cikin ɗakin.