Bayan Labo Ya Taɓa Ƙasa

"...ya hanya? Af, ashe kai ne! Sannu da shan ƙasa."

Da wannan tsoho Namadi ya tari jikansa Labo, tun bai gama sauka daga kabu-kabu ba. Labo ya taho daga Ƙonni da murna fal ciki, don ya ci gasar faɗan keji, wannan sabon wasan da ake haɗa dambe da kokowa, har an zaɓe shi zuwa Yamai. Sai dai babansa ya ce ba inda za shi sai tsoho ya yarda. Shi kuwa tsoho, da ya yi tashe a kokowa a zamaninsa, an nuna masa faɗan a salula. Yana ganin bayan Labo ya taɓa ƙasa ya kau da kai, ya bi ƙauyensu Bazaga gida-gida yana karɓar jaje.

"Wace ƙasa, tsoho?" in ji Labo. "Ni na ci!"

"Ka ci ƙasa, na gani. Har da ƙari."

"Da ka tsaya ka ga ƙarshe..."

"Ƙarshen mi? Mu zamaninmu, gwiwa na taɓa ƙasa makaɗi ya sake waƙa. Kai ko ka yi shame-shame kamar buhun wake, ƙato bisa cikinka."

"Ai nan faɗan ya hwara! Daga kwance na murɗe mishi hannu sai da ya yi saranda."

"Daga kwance! Ashe kakarka ma gwana ce, kullum daga kwance take kada ni da baki."

"Bar matata cikin maganar ga. In na ɗauko kambu Yamai, ni za ta bi."

"Da wanga kunnen naka da ya kumbura kamar ƙosai?"

Labo ya yi dariya, amma hankalinsa na kan lokaci, don motar ƴan wasa ba za ta jira shi ba. Sai ya tuɓe riga ya miƙe a kan rairayi.

"Taho ka danne ni. In ka tashi da kanka, na hwasa Yamai."

Ai kamar jira tsoho yake! Ya jefar da hula, ya naɗe wando, ya buga ƙafa.

"Sai ni Namadi na Bazaga, gagara kaye!"

Matan gida suka fito suna guɗa. Tsoho ya faɗa kan Labo yana nishi. Labo ya zagaye hannun tsohon da ƙafafu, ya ja shi a hankali.

"In ka ji zahi, bugi ƙasa da tahin hannu, shi ne saranda."

"Ni? Allah shi kiyaye!"

Labo ya ɗan ƙara ja. Sai aka ji bub, bub, bub.

"Ka yi saranda, tsoho!"

"Cinnaka nike kashewa, ɗan banza! Sake ni!"

Ya tashi yana murza kafaɗa, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon walkinsa na kokowa, wanda ko babansu Labo bai taɓa yarda ya taɓa ba, ya jefa masa a wuya. Labo ya rungume walkin, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Tahi Yamai ka yi ta kwanciya," in ji tsoho. "Amma yanzu tashi ka raka ni gida-gida, in maida ma mutane jajensu."