Yadda Za Ka Raba 'Yarka da Kalmar "Biyazo"

Ni Mijinyawa mahauci, shekara sha ɗaya na yi ina fawa a unguwar Coal Camp ta Inugu. Hanyar nan na gwada ta a kan 'yata Sa'a, kuma ta ci. Bi ta daki-daki, na ɗaukar maka alkawari.

Mataki na ɗaya: Gano cutar

Kasa kunne. Sa'a tana da shekara uku ta raɗa wa wani kwano suna "biyazo". Ibo in za su ce "zo" sai su ce "biya", ita kuwa ta haɗa biyun don kada wani ya ji haushi. Kwanon na maƙwabciyarmu ne, Mama Nkechi. Ta kan katanga yake zuwa da miyar agushi, matata Delu ta mayar da shi da dambun nama, don ba a mayar da kwano wayam.

Mataki na biyu: Kada ka yi dariya

Matarka za ta yi. Za ma ta ɗauka: "Malam, miƙo min biyazo." Ɗaure fuska ka ce, "Kwano ne." Sannan ka miƙa.

Mataki na uku: Kai ƙara

Tsallaka ka roƙi maƙwabciya ta daina biye wa yarinya. Za ta ce maka da Hausarta ta kasuwa, "Oga Malam, yarinya ya fi ka sani. Kwano yana zo, yana tafi." A nan za ka ji mijinta ma, ƙato mai haƙar kwal, biyazo yake cewa. Gida biyu sun kamu.

Mataki na huɗu: Jira ƙasa ta rikice

Wannan ba sai ka yi komai ba. Mu a 1966 aka yi mana: aka yi kashe-kashe a Arewa, aka ce mu bar Gabas. Da safen tafiya kwano ya tsallako katanga da dafaffiyar doya, guzurin Sa'a. An ɗaure kaya, murhu ya huce, Delu ta rasa abin zubawa. Ta ce, "Ba zan mayar da shi haka ba, Malam. Sai mun dawo."

Ƙyale ta ta cusa shi cikin kaya.

Mataki na biyar: Murɗe kunne

A cikin jirgin ƙasa, tsakiyar mutanen da ransu ya ɓaci, yarinya za ta ɗaga murya: "Inna, ba ni biyazo!" Kawuna za su juyo. Kama kunnenta ka murɗe, ka ce, "Kada na ƙara jin yaren nan." Sau ɗaya ya isa. Na yi, kuma har yau ina jin kunyar hannuna.

Gargaɗi

Idan bayan shekaru ka zaro kwanon daga ƙarƙashin gado ka ce, "Sa'a, me ake ce wa wannan?" ta dube ka ta ce, "Kwano mana, Baba," to aiki ya yi kyau. Abin da za ka ji a ranka kuma ba ruwana, kada ka zo wurina. Nawa kwanon yana nan, har yau ba a mayar ba.