Yadda Za Ka Horar da 'Yan Gudu Ba Tare da Ka Tashi Daga Kujera Ba

Kai malamin wasanni, matso kusa. A'a, yi zamanka, an san tashi wahala yake maka. Ga tabbatacciyar hanyar da za ka shekara kana horar da 'yan gudu a makaranta ba tare da ɗigon gumi ya taɓa wuyan rigarka ba. An gwada ta a kan wani gwani da ɗalibai mata suke kira Malam Usur, kuma ta yi aiki tsaf, in ka cire ranar da ba ta yi ba.

Mataki na 1: Nemi inuwa

Kafin ka san sunan ko yarinya ɗaya, san inda inuwa take faɗuwa. Malam Usur ya kafa kujerarsa ta roba a gindin bishiyar bakin fili, har ƙafafunta suka haƙa wa kansu ramuka. In rana ta juya, sai ya ja kujerar ya bi inuwa. Motsa jikinsa na yini ke nan, kuma kada ka raina, kujera ma tana da nauyinta.

Mataki na 2: Haɗa kaya

Farin takalmin gudu, wando mai ratsi, hular hana-sallah, sai usur a wuya yana hutawa a kan tumbi. Takalmin ya zauna fari fat. Duk wanda ya yi maganar tumbin, ka ce masa tsohon ƙarfi ne ya taru wuri ɗaya. Ka riƙa ba da labarin zamaninku, lokacin da kake tsere da babur kana jiran mai shi a gaba. Masu shaida duk sun yi nisa, babu mai ƙaryata ka.

Mataki na 3: Zana hanya da yatsa

Kada ka kuskura ka taka hanyar da yara za su bi. Nuna ta kawai. Malam Usur ya miƙa yatsa ya ce daga bishiya a bi gefen fili, a shige bayan dogon ginin azuzuwa, a kewaye tsohon tankin ruwa can jikin katanga, a dawo ta ɗaya ɓarin. Abin da yatsa bai gaya masa ba shi ne akwai wani lungu a tsakiyar ginin da yake yanke fiye da rabin tafiyar.

Yaran ba su yi mako ba suka gano shi. Da sun ɓace wa idonsa sai su zube a inuwar lungun, su huta, su yayyafa ruwan famfo a fuska, su fito da gudu suna haki na ƙarya. Yarinya ɗaya ce take zuwa har tanki, wata siririya da ake kira Tsinke. Ba waliyyiya ba ce, gudun kawai take so, kamar wadda aka yi wa asiri da shi. Kullum ita ce ta ƙarshe.

Mataki na 4: Yanke hukunci daga nesa

Gwani ba ya bincike, ido ya ishe shi. Da gasar makarantu ta matso, Malam Usur ya zaɓi wadda take fara fitowa daga bayan gini, ya laƙaba mata Walƙiya. Tsinke kuwa ya cire ta daga masu zuwa, a gaban kowa, ya ce malalaciya ce, ƙafa kamar ta barewa amma zuciya ta kunkuru. Aka yi dariya. Ka tabbata an yi dariya, ita ce take sa hukunci ya zauna.

Mataki na 5: Raina tsohuwa

Tsinke tana da kaka. Kakar ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita take wanke rigar wasannin nan da take dawowa jiƙe sharkaf, ita take kai takalmin wurin mai gyara har mutumin ya fara tambaya ko yarinyar a kan dutsen niƙa take kwana. Walƙiya kuwa 'yar maƙwabta ce, kuma takalminta kamar yau aka ciro shi daga kwali. Da Tsinke ta dawo tana kuka ta ƙi cin abinci, Kaka ta tsare ta a ɗaki, ta ce ƙawata, yau ko ki faɗa ko mu kwana a tsaye. Da ƙyar ta faɗa, tana roƙon kada a ce ita ta tona.

Washegari Kaka ta ɗaura ɗamara ta dira a gindin bishiya, daidai Malam Usur ya busa wa yara sun tashi. Ta gaishe shi, ya amsa yana danna waya. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa bayan ginin can. Ya ce aikin nan ilimi ne, an yi masa karatu, ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake.

Ta ce, "To Malam, ƙwaƙwalwar ta taɓa leƙawa?"

Ya ce, "Iya, je ki gida ki huta. Jikarki ba ta da gudu, haƙuri za a yi."

Idan ka kai nan, ka yi daidai. Saura ka kiyaye mataki na gaba, don a nan gwaninmu ya zame.

Mataki na 6: Kada ka cire usur daga wuya

Ko wanka za ka yi, yi da shi. Malam Usur ya cire nasa ya rataya a hannun kujera don ya goge wuya, wuyan da babu abin gogewa a jikinsa. Kaka ta sure shi, ta ƙulle a bakin zane, ta kama hanyar da yatsa ya zana, tana tafiyar nan ta mai zuwa rabon faɗa.

Malamin wasanni in babu usur, ai wani mai ƙiba ne kawai da farin takalmi. Ya miƙe. Kujera ta biyo shi, ya fizge ta ya yar. Ya kira Iya, ya kira Baba, ya kira Hajiya, ba ta waiwaya ba. Sai ya sa gudu. Jama'a, tumbi ya yi gabas, hula ta yi yamma! Kafin tsakiyar fili numfashi ya ƙare, kiran ma ya gagara, shi ya sa 'yan lungu ba su ji zuwan kowa ba. Hedimasta ya hango ta taga, ya ga abin da bai taɓa gani ba tunda ya zo makarantar, ya ɗauka gobara ce, ya biyo su da alli a hannu.

Mataki na 7: In an kama ka, yi tambaya

Suka tarar da Walƙiya ta miƙe ƙafa ana yi mata kitso. Biyu suna tafa hannu, ɗaya har ta fara gyangyaɗi. Can nesa jikin katanga, ga Tsinke ita kaɗai tana kewaya tanki, ƙura har gwiwa.

Hedimasta ya tambayi Malam tun yaushe yara suke bin lungun nan. Malam Usur, dafe da gwiwoyi, ya ɗago da ƙyar ya ce, "Wane lungu?"

Kaka ta ce, "Wanda kake tsaye a cikinsa, ɗana."

A take aka sake tseren, Hedimasta ya tsaya a bakin lungu kamar soja. Tsinke ta dawo gindin bishiya, ta sha ruwa, ta gyara igiyar takalmi, sannan Walƙiya ta ɓullo riƙe da ciki, kitso rabi a tsefe. Aka mayar da Tsinke cikin masu zuwa gasa a gaban waɗanda suka yi dariya. Malam kuwa aka ce kullum da safe ya bi yara har tanki. Ba a ce ya riga su ba, wa zai ɗora masa abin da Allah bai ɗora masa ba? Ko da rarrafe ne, ƙafarsa dai ta taka inda tasu take takawa.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ta san komai a kan ilimin wasanni ba, ba a yi mata karatunsa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya gamu da haki, ciwon gwiwa, dattin takalmi ko kakar wani, shi ya jiyo, babu ruwanta. Kujerar an kai ofis. Usur kuwa yana nan rataye a ƙusa a ɗakin wata tsohuwa, lafiyarsa ƙalau, kuma ba ta hana mai shi ba. Gidan ba nisa, yana bayan tanki kaɗan. Ya zo ya karɓa da ƙafarsa.