Sarkin Awo da Gwiwar Gvidas

Yabon gwani ya zama dole. A duk faɗin Lituwaniya, ƙasar da ake saya wa jariri ƙwallon kwando kafin a saya masa takalmi, ba a taɓa yin mai ido irin na Ponas Skirmantas ba (Ponas shi ne Malam a harshenmu). Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba, don haka ba mu da dalilin musu. Mu mutanen Kaunas mun yi sa'a da Allah ya ajiye mana shi a gari muna ganinsa kyauta, alhali a cewarsa can Amurka sai an bi layi.

Sana'arsa duba matasa. Duk shekara a tsakiyar bazara manyan ƙungiyoyin Amurka sukan zauna su ɗebi sababbin 'yan wasa bi da bi, kowace ta ɗauki ɗaya, sannan a sake zagayowa. Yaron da aka kira sunansa a zagayen farko ya tsallake, kwantiraginsa a tabbace yake. Wanda ya zame zuwa na biyu kuwa ɗan gwaji ne, ana iya sallamarsa kafin ya gama kwance jaka. To kafin wannan rana ta zo, Ponas Skirmantas ne ke jera mana yaran Turai a shirinsa na talabijin, daga na sama har na ƙasa, ya ce wannan zinariya ne, wancan gwangwani. Iyaye kan zauna gaban akwati hannu a ƙirji.

Masu magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nasa idon ya wuce nan, mudu ne da kansa. Duk da haka, saboda tawali'u, ba ya rabuwa da tef irin na tela a wuya, shi ya sa muke kiransa Sarkin Awo. Ya auna ango ana tsakar ɗaurin aure. Ya tsayar da mai kawo madara ya sa shi ya ware hannuwa a bakin titi. Ranar da aka binne wani dogon maƙwabcinsa, kowa na share hawaye, shi kuwa ya ƙura wa akwatin gawa ido ya girgiza kai, ya ce, "Wannan tsawo duk an bar shi ya ƙare a aikin gidan waya."

Yakan ce a zamaninsa ba a iya tare shi a fili. Gaskiya ne, mu da muka yi makaranta tare shaida ne, ba wanda ya taɓa tare shi, domin tawul yake riƙe wa 'yan wasa a gefe. Yanzu ma idan ya je kallon wasa rabin bayansa yake juya wa fili, yana duban waɗanne manya ne suka zo, kuma ko sun gan shi. Ba ya taɓa kaiwa ƙarshen wasa. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ya miƙe ya kaɗe kwat.

"Ku ƙwallo kuke kallo," in ji shi, "ni ƙashi nake kallo. Ku sai an tashi kuke sanin wanda ya ci. Ni tun yaro na ɗaure igiyar takalmi na gama karanta shi har ranar ritayarsa. Wannan baiwa ce, ba a koyar da ita, kuma ina tausaya wa ƙasar nan ranar da za ta rasa ni."

Rasa shi ɗin kuwa ya matso. Wata ƙungiya a Amurka tana neman wanda zai zama idonta a Turai, da albashi da mota da tikitin jirgi, kuma Sarkin Awo ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan kamar ransa zai fita. Ya riga ya buga katin suna. Ya sa matarsa koyon Turanci da tsufanta. Ya yi sallama da mai askinsa har sau biyu. Abin da ya rage kawai shi ne amincewar Mista Hollis, wani dattijo mai sanyin magana da ƙungiyar ke turowa duk shekara, wanda kan zauna can ƙuryar 'yan kallo yana tauna cingam, ba ka sanin ko wasan ya burge shi ko barci yake ji.

A wannan shekarar akwai yaro ɗaya da kowa ya yarda da shi, Gvidas, ɗan Ponia Danguole, wato Malama Danguole, mai sayar da busasshen kifi a babbar kasuwa. Yaro ne dogo mai kunya, ba ya iya haɗa ido da mutum, amma in ƙwallo ta shiga hannunsa sai ka tausaya wa mai tsaronsa. Ba a gardama kan cewa zagayen farko zai tafi. Sarkin Awo ma ya ɗora shi a kan kowa, ya ce shi ya gano shi tun yana zanen goyo, ko da yake uwar yaron ba ta tuna ranar ba.

Da Mista Hollis ya iso, sai gwanin namu ya yi shawarar ya tatsi gaskiyar cikinsa ta hanyar da muka gada. A nan, in kana son sanin zuciyar mutum, ɗakin tururi kake kai shi. Kakanninmu a can suke sasanta rikicin gona, domin an yarda cewa wanda ya tuɓe riga ya zauna kan katako mai zafi, aka zabge masa baya da tsintsiyar ɗanyen ganye, ba ya iya ƙarya. Ya ɗauki baƙon a mota ran Asabar da rana zuwa bukkarsa ta bakin tafki. Ya hura wuta da hannunsa, ya watsa ruwa a kan duwatsu, ya zabgi bayan dattijo da ladabi. Da gumi ya keto, Mista Hollis ya yi ajiyar zuciya.

"Skirmantas, tsakanina da kai, yaron nan Gvidas ya ba ni tausayi. Gwiwarsa ta hagu. Likitocinmu sun duba, ba su ji daɗin abin da suka gani ba. Mun cire shi daga lissafi. Amma don Allah kada ya wuce nan."

Sarkin Awo ya dafe ƙirjinsa mai gumi ya rantse. Ko kaɗan bai zo masa a rai ba cewa kakan Mista Hollis bai taɓa jin wannan doka tamu ta ɗakin tururi ba. Haka kuma bai tuna da abin da ɗan koyo ma ya sani a sana'ar ba, cewa gab da ranar zaɓe ƙungiya kan kushe yaron da take so, don masu gabanta a layi su tsallake shi.

Ya cika alkawari, bai gaya wa kowa ba sai ƙasa baki ɗaya. Ran Litinin ya bayyana a talabijin fuska a murtuke kamar mai kawo saƙon rasuwa.

"Na daɗe ina ɓoye wannan abu don tausayi," in ji shi, "amma amana ta fi tausayi. Ba likita ne ya gaya mini ba, ba kowa ba. Na tsaya ne na ga yadda yaron ke saukowa daga bas. Ƙafar dama ke riga ta hagu. Ku ba za ku gani ba, ban kuma ga laifinku ba. Gwiwar nan ba za ta kai hunturu biyu ba."

Nan take ya sauko da Gvidas daga sama zuwa can ƙasa, kusa da wani yaro da ya daina wasa ya koma tuƙin babbar mota. Masu irin wannan jeri a duniya kuwa junansu suke kwafa, ɗaya na yin tari sauran sun kama mura. Kafin mako ya zagayo, daga Madrid har Chicago kowa ya san gwiwar Gvidas ta lalace. Likitan ƙungiyar da yaron ke yi wa wasa a nan gida ya fito da hoton ƙashin, lafiya lau, ya nuna wa 'yan jarida. Sarkin Awo ya yi murmushin tausayi ya ce hoto yau yake nunawa, shi kuwa gobe yake gani.

Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Yaron nan ya shiga fili ya yi ta tsalle kamar zai taɓa rufi don a ga ƙafarsa, amma duk tsallen da ya yi sai a ce dubi yadda yake ɓoye ciwo.

Ponia Danguole ta ritsa gwanin a kasuwa, ya zo sayen kifin da zai yi wa Mista Hollis tsaraba. Ta goge hannu a jikin rigar aikinta ta fito daga bayan tebur.

"Ponas Skirmantas, ka taɓa kama gwiwar ɗana da hannunka?"

"Ponia, ba na bukatar taɓawa."

"To a gidan wa ka ga ta lalace? Ni na haife shi, ko zazzaɓi bai cika yi ba. Kullum shi ke sauke mini akwatunan kifi daga mota. Yaro ya daina cin abinci saboda bakinka!"

"Na fahimce ki, uwa ba ta ganin aibin ɗanta. Amma kimiyya ba ta da uwa."

"Na ga alama. Da tana da uwa da an yi mata tarbiyya. Ajiye mini kifina, ba na sayarwa ba ne."

Ya fita yana gaya wa masu sayar da albasa cewa duk wani babban masani sai da mutanensa suka jefe shi.

Zaɓen can ana yinsa ne lokacin da mu nan muke barci, don haka Sarkin Awo ya shirya walimar karin kumallo a babban otal, ya gayyaci 'yan jarida da kociyoyi su zo su shaida cikar annabcinsa. Ya kuwa cika. An gama zagayen farko kaf ba a kira Gvidas ba. Duk mun ga hoton yaron a zaune cikin kwat ɗin da aka ɗinka masa don ranar, uwarsa na riƙe da hannunsa, ana ta kiran 'ya'yan wasu. Gwanin ya tsaya a kan mutane da kofin kofi a hannu, ya yi jawabi mai tsawo kan nauyin da ke wuyan mai faɗar gaskiya.

Wata 'yar jarida ta ɗaga hannu. "Ponas Skirmantas, to me za ka ce game da ƙungiyar da ta ɗauke shi a zagaye na biyu?"

Bai san an ɗauke shi ba. Kamar yadda ya saba, bai tsaya ganin ƙarshe ba.

"Wace ƙungiya ce ta yi wannan ganganci?"

"Ta Mista Hollis. Sun ce shi suke hari tun bara, ba su taɓa zaton zai iso gare su da araha haka ba."

Cokula suka tsaya. Wani koci ya ce a hankali, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma gwani gwani ne, ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce ai dama ya sani, dabara ce suka ƙulla shi da abokinsa, manyan abubuwa ne da ba a bayyana wa kowa. Bai lura ba cewa da wannan magana ya amsa da bakinsa, a gaban kyamara, cewa da gangan ya karya ɗan mai kifi. Don ya rufe bakin masu shakka sai ya ciro waya, ya kira Mista Hollis, ya danna lasifika ya ajiye ta a tsakiyar tebur, kowa ya ji naɗinsa da kunnensa.

"Skirmantas, mutumina!" Muryar dattijon ta fito fes, cike da fara'a. "Ka yi mana aiki. Da ɗan gari akan ci gari. Maigidana ya ce in gaishe ka."

"Ai yi wa kai ne, Mista Hollis. To batun kujerar nan, yaushe zan fara?"

"Kujera? Haba, Skirmantas. Ranar da muka ɗauke ka aiki, wa zai ƙara yarda da abin da ka faɗa? Kuma da wane ido zan je in ce wa maigida ya biya abin da muke samu kyauta, har da wanka a kai?" Ya yi dariya har da tari. "Zauna inda kake, a nan ka fi amfani. Af, akwai ma wani yaro na baɗi da nake so in gaya maka wani abu a kansa. Amma fa sirri ne."

Kunnuwan Sarkin Awo suka yi ja. Muka zuba ido mu ga ko zai kashe wayar, ko zai zage shi, ko dai ya nemi kujera ya zauna kamar mai kunya. Ya miƙa hannu ya kashe lasifikar, ya kara wayar a kunne, ya juya mana baya, ya kare bakinsa da tafin hannu. Sai dai Allah bai yi shi da ƙaramar murya ba, har na bakin ƙofa sun ji shi.

"Gwiwa ce ko kafaɗa?"