Salansar da Ta Kori Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran, da ranar da na bi surukina da mota cikin gonar mutane.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina tuƙa wa wani ɗan kasuwa a Madawa tsohuwar kamiyonet, muna jigilar gujiya da albasa. Motar tana aiki, ba zan zalunce ta ba, muryarta ce dai ba daraja. In ta taho sai ka ce tsohuwa ke tari a bayan ɗaki. Ni kuwa saurayi ne mai son a san ya iso (har yau da sauran halin, matata shaida ce).

Ina neman Hajara, ɗiyar farin Malam Altine, wani dattijo mai shanu da gona a ƙauye kusa da Urno. Ba ni kaɗai ke nema ba, akwai ɗan ƙanensa mai garke nasa na kansa, ni ko akuya ban ajiye ba. Aka sa ranar da Kawu Idi, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, zai je ya nema mini aurenta. Na ce tunda ba ni da shanu, bari in shiga garin da amon da zai sa a manta.

Salansar mota tana da wata tukunya a tsakiya, ita ke haɗiye ƙarar inji kafin hayaƙi ya fita. Na je gareji na sa mai walda ya cire tukunyar, ya ɗaura faffaɗan bututu a madadinta. Da na tayar da ita, wallahi sai da na ji ƙwalla don daɗi. Murya ta yi kauri kamar ta babbar motar kaya, in ka saki totur kuma ta riƙa fashewa tas-tas. Kawu Idi, da nake tsoron zai yi faɗa, shi ya fi ni murna. Duk hanya cewa yake in ƙara taka ta.

Abin da ban sani ba, mutanen ƙauyen da kunne suke sanin mota, don motocin ba su da yawa. Mota ɗaya ce mai irin wannan murya ke barin babban titi ta nufo su bayan kaka, ita ce ta masu allurar shanu, wadda duwatsun Adar suka daɗe da fasa wa salansa. Su kuwa makiyaya ba sa son a yanke wa shanunsu kunne don shaidar allura, kuma suna zargin daga allura sai ƙarin jangali.

Muka shigo gari, ba kowa a ƙofar gida. Ga tabarmin da aka shimfiɗa mana, ga ƙwaryar fura a rufe, ga takalmin wani ƙafa ɗaya. Can cikin karan gero muka hango dattijo ya tattare riga a kafaɗa, yana kora shanu da gudu. Malam Altine ne, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba.

Mai hankali zai tsaya nan. Ni kuwa na ce bari in cim masa in gaya masa mu ne. Na karya kan mota na bi shi cikin gona. Ina ƙara wuta, yana ƙara gudu, shanu suka watse gabas da yamma, Kawu ya leƙo ta taga yana kaɗa hula, abin da ya sa muka ƙara kama da ma'aikata. Sai da bawan Allah ya kai bakin wani kwazazzabo ya tsaya, ya dafa sanda yana haki.

Na sauko, na tuɓe takalmi, na durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa, yadda ya kamata. Injin ne ban kashe ba, domin motar sai an tura take tashi, masu turawa kuma duk na kore su. Kawu ya yi sallama, ba a ji ba. Ya sake, bakinsa kawai ke motsi. Malam Altine, da ƙura ta hana shi gane mu, ya ɗaga hannu yana rantsuwa cewa shanun nan an yi musu allura bara.

Nan fa na manta da kunya, na miƙe na cika ƙirji da iska. Daidai lokacin da na buɗe baki, motar ta yi tari ɗaya ta mutu.

"Baba, ba shanu munka zo nema ba, Hajara ni ka so!"

Gona ta yi tsit. Na kira sunan ɗiyar fari a gaban ubanta, da tsawa, kuma duk waɗanda suka laɓe bayan rumbuna sun ji. Wata mata ta fara ƙyalƙyala dariya, sauran suka kama. Na so ƙasa ta tsage. Na koma na durƙusa, ina ji a raina shi ke nan, ɗan ƙanen dattijon ya samu mata.

Sai la'asar aka gama tattaro shanu, da ni a cikin masu kora, ƙafa duk ƙarangiya. Dattijon ya sha ruwa, sannan ya dubi Kawu, ni ko kallona bai yi ba.

"Malam Idi, yaron ga ba shi da wayau, amma ba shi da ɓoyo. Na ba shi. Sai dai kada ya gyara motar ga. Madawa da nisa, ni kuwa na tsuhwa. In ya ɗauko mini ɗiyata, ina son in ji tun suna bayan dutsi."

Washegari maigidana ya sa na mayar da tukunyar, da zagi a kai. Saboda haka shekara da shekaru, duk zuwanmu ganin gida, sai na tsaya bayan gari, in kwanta ƙarƙashin mota da rigar salla in kwance tukunyar, Hajara na ciki tana dariya. Kafin mu iso, tsohon yana tsaye bakin hanya da sandarsa.

Na dai koyi cewa kafin ka sa a ji zuwanka, ka fara tambaya wa za a zata ne ya zo.