Hannun Da Ya Rubuta Dokar Lalle

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hannuna ya tona mini asiri a taron ƙungiyarmu ta ɗaliban aikin jinya a Daura.

Ni sai da na haifi biyar na koma aji, shi ya sa kowa ke ce mini Mama. Da suka ga ba na tauna magana, suka ɗora mini rubuta ƙudurorin ƙungiya.

A lokacin, wata sista a asibitin da muke koyon aiki ta kori 'yan ajinmu biyu daga ɗakin haihuwa saboda lalle. Ta ce ba ta iya gane farce mai tsabta da mai datti, kuma in ta sake gani, ajin gaba ɗaya za ta kora. Na zauna na rubuta: duk ɗalibar da aka gani da lalle a wannan zangon koyon aiki a asibiti, za ta wanke banɗakin makaranta mako guda. Sakatariyarmu Ngozi ta ce, "Mama, a bari ya fara aiki wata mai zuwa mana." Na ce, "Daga mintin da aka amince. Doka ba ta jiran kowa."

Saura kwana uku taro, aka yi bikin 'yar ƙanwata a Mai'adua. Na ce ba za a yi mini ƙunshi ba. Gwaggona ta ce, "To, boko ya sa kin fi ƙarfinmu." Na miƙa hannu. Ja da baƙi, har gwiwar hannu. Na dawo na dirje da lemon tsami, na dirje da omo, kamar ƙara masa kyau nake.

Ranar taro na zurma hijabi har ƙasa, na ce Ngozi ta karanta ƙudurin, wai idona na ciwo. Aka zo ƙuri'a, wadda da ɗaga hannu ake yi (ni na dage a kan haka bara, don kada munafukai su ɓuya bayan takarda). Aka ƙirga, aka yi kunnen doki.

Shugaban ƙungiya, yaron da na haifi sa'ansa, ya dube ni. "Mama, mai ƙuduri ba ta ɗaga ba."

"Kafaɗata ke ciwo."

"Ki ɗaga ɗayan!" in ji wata daga baya.

In na ƙi, ƙuduri ya faɗi, sista kuma na nan tana jiranmu. Na ɗaga daga cikin hijabi.

"Mama, hannu muke ƙirgawa, ba yadi ba."

Na fito da shi. Kowa ya zuba wa lallen ido. Can ɗaya daga cikin 'yan matan da aka kora ta ce, "Mama, don Allah wa ya yi miki? Wallahi ya kama."

Ƙuduri ya wuce da ƙuri'a ɗaya, tawa. Ngozi ta duba agogo, ta rubuta lokaci, ta ce a hankali, "Bokitin yana bayan ƙofa."

Na wanke mako guda cur, ban nemi alfarma ba. Lallen kuwa ko gezau.

Har yau ina rubuta ƙuduri, kuma har yau da zafinsa. Amma kafin na sa ranar fara aiki, sai na buga wa ƙanwata waya na tambaya ko akwai biki.